Ta ina maganin hana zobo lalacewa yake shiga kwayar yis, kuma me yasa baya aiki a kunun aya?

Duk shekara in zafi ya kankama, balle ya hadu da azumi, sai maganar nan ta sake tasowa a guruf din WhatsApp da rumfunan kasuwa, daga Gujungu har Wudil: farin garin nan da masu zobo da lemon leda ke zubawa don kar kayansu ya lalace, guba ne ko ba komai? Wata tace ta zuba a zobonta ya kwana uku lafiya lau, wata tace ita a kunun aya ta zuba har da kari amma kafin la'asar robar ta kumbura tayi tauri. Sai wani ya turo tsohon labarin shari'ar Fanta da Sprite, wani ya tuno abinda ya faru a Kano a 2021 na dan tsami, a cakuda su wuri guda ace ai duk abu daya ne. To ba daya bane, kuma ba za'a iya rabe su ba sai an gane ta ina wannan sinadari yake bi ya shiga cikin kwayar dake lalata abin sha, da abinda yake yi mata in ya shiga.

Waye yake kumbura robar

In ka bude robar zobo kaji tayi tsaki tana kumfa, da wani wari irin na kullun da ya kwana, to yawanci aikin yis ne. Yis halitta ce mai rai, dangin funfuna, sai dai ita kwaya daya ce tak, ido baya ganinta, sai ka jera kusan guda 200 kafin su cika milimita daya. Abincinta suga. In ta ci sai ta fitar da iskar kabon dayoksaid da 'yar barasa kadan-kadan, iskar ce ke kumbura roba. Aikin da muke biyan kudi mu sayi yis din burodi don ya yi mana a fanke da waina kenan, a zobo ne kawai ya zama barna.

Suna hayayyafa ta hanyar tsiro, uwa ta fitar da 'yar karama a gefenta ta balle. A ruwa mai suga da dumi irin na watan Afrilu suna iya ninkawa duk bayan awa biyu ko kusa da haka, wato a lissafi kwaya daya ta haura 4,000 a kwana daya. Kuma ba daga sama suke fadowa ba, suna jikin tsohuwar robar da aka tsinto aka dauraye sama-sama, suna jikin mataci da ludayi da hannu, kudaje da kudan zuma ma na kawo su. Abin sha mai tsami sosai yawancin bakteriya basa iya zama a cikinsa, shi yasa filin ya zama na yis da funfuna.

Garin da ake zubawa kala-kala ne

Wanda aka fi sani shine sodiyam benzoyet, a jikin kwalba zaka ga an rubuta E211. Sai fotasiyam sobet, E202. Masu gidan burodi kuma nasu kalsiyam furofiyonet ne, E282. Ruwan khal shima dan gidan ne, tsaminsa na asetik asid ne. Dukkansu ana ce musu raunanan asid. Ba sabbin abubuwa bane, tun 1859 wani Bajamushe mai suna Hofmann ya fitar da sobik asid daga 'ya'yan wata bishiya ta kasar Turai, a 1875 kuma Salkowski ya gano benzoyik asid na hana funfuna girma. Dalilin da yasa ake sayar da wadannan biyun a siffar gishiri, wato benzoyet gishirin benzoyik, sobet gishirin sobik, shine asid din kansa baya narkewa sosai, benzoyik wajen giram 3 ne kawai ke narkewa a litar ruwa, amma gishirinsa sama da giram 500 zai narke. In gishirin ya shiga abin sha mai tsami sai ya koma asid dinsa.

Dan tsami, wato sitirik asid E330, daban yake. Shi da tsamin tsamiya da na lemon tsami basa iya ratsa jikin yis da sauki, aikinsu su kara wa ruwan tsami. Amma kamar yadda za'a gani, wannan aikin nasu shine yake bude wa benzoyet hanya.

Ma'aunin tsami

Masu kimiyya na auna tsami da abinda suke kira pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa zalla yana kan 7. Duk sanda lamba ta sauka tsami ya karu, kuma ko wane mataki ninki goma ne, wato abu mai pH 3 ya fi mai pH 6 tsami sau dubu, ba sau biyu ba. Zobon da ba'a taba shi ba yana wajen 3 ko kasa da haka. Lemon kwalba ma nan yake. Nono yana tsakanin 4 da 4.5. Sabon kunun aya kuwa yana wajen 6 ko sama, kusan babu tsami a cikinsa, in kaji tsami to ya riga ya fara lalacewa.

Shi raunanan asid a cikin ruwa siffa biyu yake zama. Ko dai yana hade, yana rike da 'yar kwayar haidurojin dinsa, babu caji a jikinsa. Ko kuma ya rabe, ya saki haidurojin din, sauran jikin ya dauki caji. Tsamin ruwan ne ke yanke hukuncin nawa zai zama a hade nawa a rabe. Benzoyik asid a pH 4.2 rabi da rabi ne. A pH 3 kusan kashi 94 cikin dari a hade yake, a pH 5 ya sauka zuwa wajen kashi 13, a pH 6 bai kai kashi 2 ba. Sobik ya dan fi juriya, rabinsa yana kan 4.76, a pH 5 yana da kashi 37, a pH 6 kashi 5 zuwa 6.

A rike wadannan lambobin, don siffar da take a hade ce kadai take iya shiga kwayar yis da kanta.

Hanyar shiga

Kwayar yis tana da bango mai kauri a waje, amma bangon nan duk 'yan kofofi ne, kananan sinadarai wucewa suke yi. Ainihin shingen yana bayansa, wani siririn tantani ne da aka gina da maiko, layi biyu. Duk abinda ke dauke da caji ruwa ne ke lullube shi, kuma ruwa da mai basa shiri, don haka benzoyet din da ya rabe sai dai ya tsaya a waje yana yawo, ko buhu guda aka zuba. Wanda yake a hade kuwa bashi da caji, yana narkewa a cikin maiko, sai ya nutse a tantanin ta wannan gefen ya bullo ta wancan. Ba kofa yake nema ba, yis din ma bai kashe karfinsa ya jawo shi ba, tafiya ce kawai daga inda yake da yawa zuwa inda yake kadan, kuma cikin mintuna abin ke faruwa.

To da ya shiga sai yanayi ya canza. Cikin kwayar yis mai lafiya ba tsami, pH dinta wajen 7 ne ko kasa kadan, ko da kuwa a tsakiyar zobo take zaune. A irin wannan wuri asid din baya iya zama a hade, nan take yake rabewa, ya saki haidurojin ya dauki caji. Da ya dauki caji kuma tantanin da ya ratsa dazu ya zama masa katanga, kamar kifin da ya shiga gura a kogin Hadejia, shiga da sauki fita babu. Kuma tunda wanda ya shiga ya canza siffa, kullum a cikin kwayar siffar hade kadan ce, sai wani ya sake shigowa daga waje, shima ya rabe, haka haka. A takarda, in waje yana pH 3 ciki yana 7, benzoyet zai iya taruwa a cikin kwayar ya ninka na waje sau daruruwa kafin abin ya tsaya. Wannan ne sirrin da yasa dan kadan da aka zuba a jarka yake isa.

Barna biyu ce ke biyo baya. Ta farko haidurojin din da ake ta saki yana sa cikin kwayar yayi tsami, su kuma inzayim, wato sinadaran dake gudanar da aikin kwayar, basa aiki a tsami. A 1983 aka buga wani aiki na Hans Krebs da abokan aikinsa, bayan rasuwarsa, da ya nuna benzoyet na sauke pH din cikin yis har wani inzayim dake kan gaba wajen sarrafa suga ya tsaya, karfin kwayar ya fadi. Ta biyu kuma jikin asid din mai caji da ya taru jingim shima yana takura ayyukan ciki.

Yis baya zama ya zuba ido

A jikin tantaninsa akwai wani famfo da ake kira Pma1, aikinsa kwashe haidurojin yana watsawa waje. Da asid ya fara shigowa sai famfon ya kara wuta. Amma ba kyauta yake aiki ba, duk kwayar haidurojin daya da ya fitar sai ya ci ATP daya, wato sinadarin da kwaya ke ajiye karfinta a ciki, wanda daga suga take samunsa. Akwai kuma famfo na biyu, Pdr12, wanda Peter Piper da abokan aikinsa suka bayyana aikinsa a 1998. Shi jikin benzoyet da sobet mai caji yake turawa waje. A zaman lafiya kadan ne a jikin kwayar, amma da ta ji asid ya taru sai wani furotin mai suna War1 ya tayar da kwayar gadon dake kera shi, a kera shi da yawa.

Matsalar yis ita ce, abinda ya tura waje cikin zobo mai tsami yake fadawa, ya sake daukar haidurojin ya koma siffar hade, ya sake ratso tantani. Ana fitarwa yana dawowa. Karfin da ya kamata ya tafi wajen girma da haihuwa sai ya kare a famfo. Don haka a yawan da ake zubawa a abin sha, wadannan sinadarai galibi basa kashe yis, gajiyar da shi suke yi su hana shi yaduwa. Wannan bambancin yana da muhimmanci ga mai sana'a: in kwayoyin da suka shiga tun farko kadan ne, za'a rike su kwanaki ko makonni. In sun yi yawa, ko an zuba maganin bayan an fara jin tsami da kumfa, aikin gama ya gama.

Akwai wani abu kuma. Yis din da ya zauna cikin dan maganin da bai isa ya tsayar da shi ba, yana sabawa, ya cika jikinsa da famfo, ya gyara maikon tantaninsa ya rage shigowar asid. In aka dura sabon zobo a jarkar jiya da ba'a wanke da kyau ba, da wadannan gogaggun za'a fara.

Inda masana suka saba

Bayanin da ya gabata shine wanda aka dade a kai, kuma ga benzoyik da sobik babu wata jayayya mai karfi cewa ta cikin maiko suke shiga. A wuri biyu ne ake ja-in-ja.

Na farko asetik asid na khal. Shi baya son maiko kamar sauran. A 2007 Mehdi Mollapour da Peter Piper a jami'ar Sheffield ta Ingila suka nuna cewa yis din burodi yana da wata 'yar kafa a tantaninsa mai suna Fps1, wadda asalinta ta fitar da gilisarin ce, kuma asetik asid na bi ta cikinta ya shiga. Har suka ga in kwayar ta ji asid din sai ta janye kafar daga tantani ta rushe ta. Wasu masu bincike da suka gwada a wasu nau'o'in yis kuma basu ga wani babban bambanci ba ko da an cire kafar, suka ce ratsa maiko kai tsaye ne babbar hanya. Akwai ma hanya ta uku, wasu furotin masu dako irin su Jen1 da Ady2 da suke shigo da asid din da ya riga ya rabe don kwayar ta ci shi a matsayin abinci, amma yis din burodi yana rufe su in akwai sugan gulukos, don haka a zobo mai zaki ba su ne abin dubawa ba.

Na biyu shine me ke tsayar da kwayar a hakika. Malcolm Stratford da Anslow a 1998 suka kawo hujjar cewa sobik asid baya saukar da pH din ciki yadda zai isa ya bayyana karfinsa, suka ce zamansa a cikin maikon tantani ne yafi yin illa. Hujjarsu mai sauki ce: sobik da asetik kusan wuri daya suke rabewa, wato haidurojin da zasu saki iri daya ne, amma ana bukatar asetik ninkin-ba-ninkin kafin yayi aikin da dan sobik kadan zai yi. Daga baya a 2020 Stratford da wasu a jami'ar Nottingham suka kara da cewa sobik yafi bugun numfashin kwayar, wato kona suga da iskar oksijin, shi yasa yis masu iya rayuwa ta hanyar tsimi ba tare da oksijin ba suka fi jure masa. Fahimtar da ta fi karbuwa yanzu ita ce duka biyun na faruwa, khal yafi yi ta hanyar tsamin ciki, sobik yafi yi ta tantani, benzoyik yana tsakani. Abinda babu wanda ya musa shine sai ruwan yayi tsami kafin su shiga.

Wanda ya gagari kamfanoni

Akwai wani yis mai suna Zygosaccharomyces bailii, tun 1895 Paul Lindner ya bayyana shi. Shi ne ciwon kan masu hada lemo da miyar kwalba da mayonis a duniya, don yana iya girma ko an zuba magani har iyakar da doka ta yarda, wani lokaci ma sama da haka. Masu bincike a jami'ar Chalmers ta Suwidin sun gano tantaninsa cike yake da wani irin maiko mai dogon jiki dake sa shi kauri da matsewa, asid baya ratsa shi da sauri. Na jami'ar Minho ta Fotugal sun nuna yana cin asetik asid tare da suga lokaci guda, wato abinda aka zuba don a hana shi ya zama masa abinci. Yana kuma iya farfasa benzoyet. A 2013 Stratford da abokan aikinsa suka gano wani abu daban: a cikin taron kwayoyinsa akwai 'yan tsiraru da cikinsu dama yafi na sauran tsami, don haka asid din da ya shigo baya rabewa sosai, baya taruwa. Su ne ke tsira su sake cika kwalba.

Wasu yis da funfuna kuma sobik suke sarewa su mayar da shi wani sinadari mai warin kananzir. In aka ji lemo na wannan wari alhali ba'a ajiye shi kusa da kananzir ba, sau da yawa dalilin kenan, kuma zubar da shi ya kamata ayi.

To guba ne ko ba guba ba

Jikin mutum ba kamar na yis bane. Benzoyet in ya shiga, hanta ce ke hada shi da wani sinadari mai suna gilaisin ya fita ta fitsari cikin kwana daya. Sobik kuwa kona shi jiki yake yi kamar mai. Amma akwai iyaka, kuma hukumomi basu hadu a kan lamba daya ba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai a 2016 ta tsaya a kan miligiram 5 na benzoyik ga ko wane kilo na nauyin mutum a rana. Kwamitin masana na hukumar lafiya da ta abinci na Majalisar Dinkin Duniya ya dade a kan 5 din shima, a 2021 ya daga zuwa 20. In aka bi ta Turai, yaro mai kilo 15 rabonsa miligiram 75 ne, abinda kofi daya mai mililita 300 zai cika in an zuba maganin har iyakar dokar Najeriya ta miligiram 250 a lita. In aka bi daya lambar yana da sauran fili. Ko wacce aka dauka, yara ne suka fi kusa da iyaka, su ne kuma masu shan zobon bakin makaranta.

Shari'ar da ake yawan turowa ta 2017 ce, babbar kotun jihar Legas, mai shari'a Adedayo Oyebanji. Wani dan kasuwa ne ya kai Fanta da Sprite na Najeriya Ingila a 2007, hukumomin can suka kwace saboda benzoyik din ciki ya wuce ka'idarsu ta miligiram 150 a kilo. Ka'idar Najeriya 250 ce, kuma kayan basu wuce ta ba. Kotu ta umarci NAFDAC ta sa kamfanin ya rubuta gargadin kada a sha su da bitamin C. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito tace lemukan lafiyarsu kalau, kasashe masu zafi dama sukan bukaci magani fiye da masu sanyi. Masu goyon bayan hukuncin kuma suka dogara da abu na gaskiya: benzoyet in ya zauna da bitamin C a kwalba daya, ga zafi ga hasken rana ga burbushin karfe ko tagulla a ruwan, yana iya haifar da wani sinadari mai suna benzin dan kadan, shi kuma benzin sananne ne wajen jawo sankarar jini. Hukumar abinci ta Amurka ta auna lemuka tsakanin 2005 da 2007, yawanci ta samu kadan ne ko babu, 'yan kalilan suka wuce ka'idar ruwan sha aka canza musu hadi. Abin lura, a cikin kwalba da ta dade a rana ne hadin ke faruwa. Akwai kuma binciken jami'ar Southampton na 2007 da ya alakanta hadin kaloli da sodiyam benzoyet da rashin natsuwar yara, sai dai tunda a hade aka basu ba'a iya ware laifin benzoyet shi kadai ba.

Na Kano na 2021 kuwa ba wannan layin bane sam. Daruruwan mutane aka kwantar, wasu na fitsarin jini, wasu suka rasu, Allah ya jikansu. NAFDAC tace abinda aka sayar da sunan dan tsami wani sinadarin masana'antu ne mai suna haidiroksilamin, ba kayan abinci ba, kuma an kama garin lemon da wa'adinsa ya wuce. Abinda ya shafi mai zobo a nan shine farin gari duk kama daya suke a ido, wanda aka kulla a leda babu suna babu lambar NAFDAC ba wanda zai iya rantsewa a kan ko menene.

Abinda wannan ke nufi ga mai sana'a da mai saye

Ke Hajiya mai zobo, kayanki dama suna da tsamin da maganin ke bukata, don haka kadan ya isa. In aka bi ka'idar lemon kwalba ta miligiram 250 a lita, jarka mai lita 20 bata wuce giram 5 zuwa 6 na sodiyam benzoyet ba. Cokali ba ma'auni bane, don wani garin laushi ne wani tsaki-tsaki, karamin sikeli na dijital ne zai raba gardama. A narka shi a dan ruwa tukuna, a zuba bayan an sauke an tace, a juya sosai. Amma ga inda da yawa ke yin asara basu sani ba: masu jefa kanwa ko bakin hoda a zobo don kashe tsami da rage kudin suga. Kanwa daga pH take yi sama, launin ma zaki ga ya koma duhu, kuma duk matakin da ta daga kason maganin dake iya shiga yis raguwa yake yi. Suga kuwa boye tsamin kawai yake yi a harshe, pH din na nan inda yake. Citta da kanumfari suna dan taimakawa don man dake cikinsu shima yana taba tantanin kwayoyin, amma basu isa su rike zobo a zafin Maigatari su kadai ba. In kina hada garin lemo mai bitamin C, gara sobet da benzoyet, kuma kar a shanya robobin a rana.

Mai kunun aya ita ce maganar tafi shafa. A pH 6 abinda ke iya shiga kwayar yis bai kai kashi 2 cikin dari na benzoyet din da kika zuba ba, sauran yana yawo a kunun ne kawai har ya shiga cikin mai sha. Kafin ki samu aikin da yake yi a zobo sai kin ninka shi sau kusan sittin, wanda ya wuce duk wata ka'ida nesa ba kusa ba, dandanon ma ba zai shawu ba. Ga shi kuma rashin tsamin ya bude kofa ga bakteriya, ciki har da masu sa gudawa da amai, wadanda benzoyet a wannan yanayi bai dame su ba. Haka abin yake ga madarar waken suya da duk wani abin sha mara tsami. Kunun zaki da fura da nono suna tsakiya, tsaminsu na taimakawa kadan amma dama da kwayoyi masu rai da yawa ake yinsu.

Masu burodi kuma dalilin da yasa furofiyonet ne nasu shine yana hana funfuna da bakteriyar dake sa cikin burodi yauki amma baya takura yis sosai. In aka zuba sobet ko benzoyet a kwabi zai shiga yis din burodin ta hanyar da aka bayyana, kwabin ya ki tashi yadda ya kamata.

Mai saye shi ma yana da abin dubawa. Robar da tayi tauri ko ta yi tsaki da aka bude, yis ya riga ya ci karfin duk abinda aka zuba. Zobon dake kartar makogwaro da wani daci-daci bayan an hadiye, sau da yawa magani ne yayi yawa. Kunun aya kuwa, a garuruwan da wuta bata zama, abinda ke rike shi shine a wanke aya da kyau, a yi da tafasasshen ruwa, robobi masu tsafta, kankara a kula tun daga gida, kuma a yi daidai wanda zai kare a ranar.